Mai Su a Inda Babu Kifi

Sai da aka yi sadakar arba'in ɗin Baba, jama'a suka watse, aka mayar da tabarmin aro, sannan na samu zama na ɗauki alƙalami. Niyyata tun farko in ja kunnen mutanen bakin gulbi ne kawai: duk wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko a na ɗansa, kada ya saurari masu cewa alamar zama namiji ce. Amma da na soma, sai maganar ta ja ni wani wuri daban, ni kuwa na bar ta ta ja.

Sunana Maryama, bandar kifi nake yi a Gaya ta bakin gulbi. Mijina Iliya mai faci ne a tashar manyan motoci. Mu Kirista ne. Babana kuwa, Malam Garba masunci, Musulmi ne, haka duk gidanmu. Yadda aka yi haka ba wani abin mamaki ba ne. Ni ce 'yar fari, ɗan fari kuma a wurinmu ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, galibi ma ba a riƙe shi. Ana yaye ni aka sa ni a jirgi aka ƙetara da ni Malanville, wurin yayar mahaifiyata, Inna Rahila, wadda ke auren Kirista. Can na tashi, can aka yi mini baftisma. Mahaifiyata ta rasu ban gama wayo ba. Baba bai taɓa cewa a dawo da ni ba, bai kuma taɓa cewa uffan a kan addinina ba. Da ma faɗa ya yi, da na san ya san da zamana a duniya.

In an kawo ni gaisuwar Sallah, ba ya kallona. Sai ya dubi bango ya ce, "Ku ba 'yar ƙetare ruwa." Sunana ke nan a bakinsa. Ƙanena Sani kuwa yana bisa wuyansa, yana ja masa gemu, ana ta "Sani, Sani" kamar shi kaɗai aka raɗa wa suna a garin. Na san al'ada ce, ba sai an karanta mini ba. Amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba ko sau ɗaya. Da aure ya dawo da ni Gaya na kama sana'a, sai na rama ta hanyar da na iya: ina sayen kifi a hannun kowa ban da shi. In na zo daidai jirginsa sai in ɗaga kai in wuce, ko da shi ne ya kamo giwar ruwa ranar.

Fushin bai tsaya a bakin gulbi ba, har majami'a ya bi ni. Akwai addu'ar da Yesu ya koyar, wadda muke yi tare kowace Lahadi, farkonta kiran Allah ne da sunan Uba. Ni ba na faɗin wannan kalmar. Sai in yi shiru, in jira a wuce ta, sannan in shiga cikin ayari kamar wanda ya makara a mota. Ubangiji zan ce, Mai Iko zan ce, Mai Ceto zan ce, amma Uba, a'a. Abin da na sani game da uba shi ne mutum mai kallon bango. Inna Rahila ta sha mintsinina a kan haka tun ina yarinya, har ta gaji ta bari.

Akwai kuma wani mafarki da na tashi da shi. Safiya ce, tururi yana tashi daga ruwa, ina tsaye a mawankar Malanville inda mata ke buga wanki a kan dutse. Can gaba kaɗan jirgi yana tsaye cak, ruwa na gudu amma shi bai motsa ba. A ciki mutum ne da malafa. Sai ya jefa birgi, wato komar jifa, birgin ya buɗe a sama kamar faifai, ya sauka a hankali ba ƙara, ya jawo shi babu ko ɗan ƙarfasa. Ya sake jefawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Inna ta ce yawan cin wake ne. Iliya ya ce mafarkin mai sayar da kifi ke nan, ko a barci kasuwa ba ta ci.

Ciwon ya taso ne a lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kowa ya koma ƙetarawa ta ruwa. Baba ya riga ya ajiye filafili don tsufa, amma da ya ga yara ƙanana suna samu, shi ma ya koma. Wata ranar Talata ina juya kifi a kan murhu, hayaƙi ya cika mini ido, sai ga Gwaggo Hajo, ƙanwarsa, tsaye a kaina.

"Ubanki na kwance," in ji ta.

"Ina Sani?"

"Sani na garin Kandi da kamyo, babbar motar da yake tuƙi, mai kaya ya hana shi motsi."

"To ni mi zan yi mai, Gwaggo? Ni ai 'yar ƙetare ce."

"Ƙetare ko gangare, tashi mu tahi. Ban zo shawara ba."

Na tashi, amma ƙafafuna ne suka je, zuciyata tana wurin murhu.

Abin da na tarar shi ne wannan, ku kula da kyau. Tun yana saurayi yake fitsarin jini, tsargiya, kamar kusan duk wanda ya tashi cikin ruwa. Ba wanda ya ɗauke ta ciwo. Yanzu kuwa jinin guda-guda yake fita, wani lokaci fitsarin ya tsaya gaba ɗaya, mararsa ta kumbura ta yi tauri. Tafin hannunsa ya yi fari fat, ƙafafunsa sun hau. Makon farko a banza muka ɓata shi. Gwaggo ta jiƙa sassaƙe har kala uku. Wani maƙwabci ya kawo kafso ja da rawaya daga kasuwar Kamba, ya rantse shi ya tashi kawunsa. Wata tsohuwa ta ce mutanen ruwa ne ya taka, a yanka baƙar kaza. Duk mai shigowa da dubiya sai ya ajiye mana maganinsa tare da gaisuwa, ba kuma wanda zai zauna ya ga yadda dare ke wucewa. Ranar da na ji Baba, mutumin da ƙaya ta taɓa ratsa masa hannu bai ce wash ba, yana nishi kamar mai naƙuda, na ce da Gwaggo ko ta yarda ko kar ta yarda, asibiti za mu. Iliya ya samo amalanke.

Mun sha layi tun hantsi har rana ta take. Da muka shiga, lokotoro, wato likita, ya sa masa roba, fitsari ya zubo cikin leda baƙi-baƙi, na ga kafaɗun Baba sun sauka, ya yi ajiyar zuciya. Lokotoron yaro ne mai fara'a, Allah ya saka masa. Ya nuna ni ya ce, "Tsoho, wacce ce wannan gare ka?"

Baba ya juya fuska bango ya ce, "'Yar ƙetare ce."

Na fita na zauna gindin dogon yaro na yi kuka mai zafi, ba na tausayi ba, na haushi. Na bar kifina yana ƙonewa, na turo amalanke cikin rana, abin da na samu ke nan.

Kalmar da lokotoro ya faɗa ta zauna mini a kai, bilarziyoz, kamar sunan da ake rubutawa a goshin kamyo. Ya ce tsargiyar ce dai, ta daɗe tana cin mafitsara har ta haifar da wani abu mafi muni. Ya ce da tun yana yaro aka ba shi 'yan ƙwayoyi, da an wuce wurin. Ya tura mu Dosso a yi hoto.

Mako na biyu da na uku a Dosso muka yi su. Ranar da muka zo hoton babu wuta, washegari wuta ta zo layi ya ƙare kafin a kai gare mu. Kowace safiya sai a miƙo takardar magani, har safar hannu da auduga kai za ka sayo. Kifin da na tara don kasuwar Kamba ya tafi, akuyata mai ciki ta bi shi. Amma ba zan ci amanar alheri ba. Matan majami'armu sun haɗa abin da suka iya suka aiko, masunta ma sun zagaya da ƙwarya a bakin gulbi. Akwai wata ma'aikaciya Bazabarma, doguwa, wadda in ta zo canza roba sai ta ja zane ta kare tsoho, ta ce "Fofo, Baba" da murya mai taushi. Da aka ce jininsa ya ƙare sai an ƙara, aka gwada na Gwaggo bai yi ba, aka gwada nawa ya yi. Gwaggo ta gaya masa. Ledar kawai ya kalla har ta ƙare.

Na yi jinya, ba wanda zai ce ban yi ba. Na zubar da leda, na wanke zannuwa, na dama kunu, na kore ƙudaje. Amma yi nake kamar mai biyan haraji. Shi yana kallon bango, ni ina kallon taga, cokali yana kai da komo a tsakaninmu.

A mako na uku Inna Rahila ta zo, da sandarta da ciwon gwiwarta. Ta zauna ta kalle ni ina ba shi kunu, sannan ta bi ni muka fita wanke kwano.

"Maryama, mutum kike ciyarwa ko akuya kike ɗura ma magani?"

"Inna, ya sha dai ko bai sha ba?"

"Ya sha. Amma Uban da ke sama bai jira kin gyaru ba kahin ya so ki. Ke mi kike jira ga wanga tsoho?"

Na ce, "Shi ma na saman ai shiru gare shi. Tun ina ƙarama nike tambaya tai abu guda, bai amsa ba."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa, ta ce in ɗauraye kwanon da kyau.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi shiru sai numfashin marasa lafiya. Na kishingiɗa a tabarma gefen gado, barci ya sace ni. Sai ga tururi, ga dutsen wanki, ga jirgin nan tsaye. Har ƙanshin laka na ji, da na sabulun salo. Birgi ya buɗe a sama, ya daɗe bai sauko ba. Cikin mafarkin na ji wani yana dariya, yana cewa mawankar Malanville. Na buɗe ido, dariyar ba ta tsaya ba. Wani tsoho ne zaune a bakin gadon, baƙi siriri, rigarsa na warin kifi. Seyni ne, Badande, abokin sun Baba tun suna samari, kuma abokin wasansa.

"Garba, tashi ka bar lalaci," yake cewa. "Tashi mu tahi mawankar Malanville ka kamo muna kumfa. Sarkin Kumfa! Yau ga ka kwance mata na yi maka hidima."

Baba ya ce, "Seyni, bakinka ya hi ƙarhinka."

Na tashi zaune na ce, "Baba Seyni, wane ne Sarkin Kumfa?"

"Au, ba ki sani ba? Ubanki mana! Ɗiyata, ko yaron goye ya san kihi ba ya zama inda ake wanki, sabulu na korar shi. Amma wanga mutum, shekara da shekaru, sai mun gama sun asuba kowa ya nuhi kasuwa, shi ya juya jirgi ya ƙetara, ya kafa gora gaban mawanka, ya yi ta jefa birgi har mata su kwashe wanki. Ko ƙwaya! Munka yi dariya har munka gaji. Wasu sunka ce wata bazawara yake nema."

"Yaushe ne wannan?"

"Ya daɗe. Tun bayan da anka kai ki riƙo, ina ji. Ran nan kuma sai ya bari, kamar an yanke da wuƙa."

Na juya wurin Inna Rahila da ke zaune kan kujera. Ba ta ɗago ba, gefen zanenta take murzawa. Ta ce, "Shekarar da kika bar bi na wanki ya bari. Ya roƙe ni kar in hwaɗa, ni ko na yi mai alkawari."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Ɗakin ya yi mini kamar yana lilo a kan ruwa. Ashe ba wake ba ne. Ashe idona ne ya gani tun ban san me nake gani ba, ya ajiye mini, yana nuna mini kowane dare ina ƙin ganewa. Seyni ya ga fuskata, dariyarsa ta mutu, ya ce bari ya je ya yi alwala. Inna ma ta jawo sandarta ta bi bayansa.

Na ɗauko kunu na zauna. Na ce, "Baba, a mawankar nan, ka taɓa kama kihi?"

Ya juya bango kamar kullum. Can ya ce, "Akwai rami a wurin. Ƙarƙashin dutsen da ake buga wanki. Ruwa na juyawa ciki, yara ba su sani ba."

"Yara ai da yawa suke a wurin."

"Saura duk sun iya ruwa. Guda ce ba ta iya ba. Wata mai jan kallabi, mai tsiwa, ba ta jin kira." Ya numfasa. "Ɗiyar masunci ce, amma ba ta samu mai koya mata ba."

Hawaye suka zubo mini cikin kunun. Na ce, "Yarinyar nan ta daɗe tana hushi da mai jirgin."

"Tana da gaskiya. In kin gan ta, ki ba ta haƙuri."

"Ta ji, Baba. Ta yahe. Ta ce shi ma ya yahe mata kihin da ta ƙi saye."

Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne, ashe dariya yake. Ya ce, "Gara da ba ta saya ba. An ce tayi gare ta kamar mai yankan aljihu."

Ranar ya shanye kunun duka. Bai juyo ba, ni ma ban nemi ya juyo ba. Amma da na zo ajiye kwano, hannunsa ya sauko ta baya, ya lalubo kaina, ya dafa, ya daɗe bai ɗauke ba.

Da yamma na fita bayan ɗakin inda ake shanya, na tsaya tsakanin zannuwa masu ɗiga. Ba addu'a na yi ba, tunani kawai. Duk shekarun nan ina ƙorafin an yi mini shiru, na ƙasa shiru, na sama shiru. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa mai shiru yana iya kasancewa tsaye kusa da rami, yana jefa birgi inda babu kifi, ana yi masa dariya, don kada in faɗa. Na ji nauyin da na saba ɗauka har na manta nauyi ne ya sauka, na rasa yadda zan yi da kafaɗuna.

Hoton ya fito da abin da lokotoron Gaya ya yi tsoro. Aka ce za a iya kai shi Yamai, amma babban lokotoro bai ɓoye mana ba, ya ce wahala kawai za a ƙara masa. Baba ya ce a mayar da shi inda zai ji ƙarar ruwa. Muka dawo. Sani ya bar kamyon ya ƙetaro, ya faɗi a kan ƙafafun Baba yana kuka, ni kuwa na kama shi na ɗaga, ban ji ko ɗigon kishin da na saba ji ba. Kowace safiya sai mu fitar da tsoho inuwa a bakin gaɓa. Ya yi ta kallon jirage suna kai mutane suna kawowa, wani lokaci ya ɗaga hannu kaɗan kamar mai shirin jifa, sai barci ya ɗauke shi. Ni ina gefe ina yi masa fifita da malafarsa. Kwanakin nan sun wuce mini kamar tururin safiya, ban iya rarrabe wannan da wancan ba.

Ya cika ne wata safiya bayan an fito salla. Sani yana kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, Gwaggo na riƙe da hannunsa, ni ina riƙe da ƙafafunsa da ruwa ya cinye wa farata. Har ya tafi bai kira sunana ba. Masu tambaya ko hakan ya dame ni, amsar ita ce a'a. Gwaggo ta ce tun a Dosso ya bar wasiyya a ba 'yar ƙetare malafar, tana nan rataye a ɗakina.

To, mutanen bakin gulbi, kun dai ji. Tsargiya ba ado ba ce, ba gadon masunta ba ce, ciwo ce mai magani in an tare ta da wuri. Ku kai yaranku a duba su, ku bar jiƙe-jiƙe da kafson kasuwa. Da an yi wa Baba haka, wataƙila da yanzu ina tsaye gaban jirginsa ina taya kifi yana kallon wani wuri.

Lahadin da ta biyo bayan jana'iza na je majami'a. Da fasto ya ce mu miƙe mu yi addu'ar nan, ban jira kowa ba. "Ubanmu," na ce, ta fito da ƙarfi har yaran gaba suka waiwayo. Iliya ya kama hannuna. Daga nan ban iya ƙara ko kalma ɗaya ba. Sauran jama'a ne suka ƙarasa mini.